Jaka a Cikin Ƙashi

Shekararmu huɗu da aure kumburin ya fara fito wa maigidana. Muna haya a ɗaki biyu kusa da kasuwar Katako a Jos, inda yake da rumfar sayar da katakon rufi. Sojoji ne ke mulki lokacin, ana ta maganar za su sauka.

Ni na fara lura. Yana cin tuwo sai na ga da gefe ɗaya yake tauna. Na ce, "Malam, haƙori ne?" Ya ce ba ya ciwo, nauyi kawai yake ji. Rashin ciwon ne ya cuce mu, domin sai da kuncinsa na hagu ya tasa kamar ya ƙunsa goro sannan ya yarda ya je asibiti.

An ɗauki hoton ƙashin. Likitan ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna mana wani baƙin wuri a muƙamuƙin ƙasa. Ya ce jaka ce ta tsiro a cikin ƙashin, tana cin sa daga ciki. Bangonta siriri ne kamar ɓawon albasa, in ɗan guntu ya saura, sai ta sake tsirowa. Maigidana ya ce, "To a kankare sosai mana." Likitan ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa.

Aka cire haƙora biyu, aka kankare. Abin da aka kwaso fari ne mai kauri kamar kindirmo. Sati uku yana shan koko da romo, sannan ya koma kasuwa. Muka yi sadakar waina, muka ɗauka an gama.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, yana alwala ya kira ni. Ya kama yatsana ya ɗora a dasashinsa. Na ji wurin yana lotsawa. Muka koma asibiti.

Akwai wata nas a ɗakin masu jinya, 'yar ƙasar Filato, babbar mace mai haƙuri. Da ta gan mu ta ajiye tiren hannunta ta ce, "Madam, jakan ya dawo?" Na ce ta dawo. Aka sake kankarewa, wannan karon har jijiya ta taɓu. Leɓensa na ƙasa ya mutu. Shayi kan zubo masa a riga bai sani ba, sai na nuna masa.

Sai bayan shekaru da yawa wata likita ta bayyana mini cewa a cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai abin da ke tsawata musu su daina hayayyafa, kuma a irin wannan jaka shi ne ke lalacewa. Ta ce yanzu ana shafa magani a ramin bayan an kankare. A lokacinmu ba wanda ya faɗa mana haka. Mahaifiyarsa ta ce jifa ne daga abokan kasuwa, ta kawo rubutu da turare. Ya sha, ya turara, don kada ranta ya ɓaci.

Da jakar ta fito karo na uku, likitan ya ce sai an yanke rabin muƙamuƙin. Maigidana ya ƙi. Ya ce mini, "Da wace fuskar zan tsaya gaban mutane?" Na ce da wadda ta rage. Kwana biyu bai yi mini magana ba.

Da damina, wata ranar Laraba da la'asar, ya sayo gasasshiyar masara a hanya. Ya gatsa sau ɗaya, na ji ƙas daga inda nake tankaɗe. Ya dafe haɓarsa da hannu biyu, jini na bin tsakanin yatsunsa. Ƙashin ne ya karye, don jakar ta riga ta cinye shi. Maƙwabcinmu mai tasi ya kai mu asibiti.

Awa biyar aka yi ana aikin yanke rabin muƙamuƙin. Da aka kwance bandeji, haɓarsa ta karkace hagu, kuncin ya faɗa ciki, an ɗaure sauran haƙoran da waya. Ya nemi madubi. Nas ɗin ta dube ni, na ce ta ba shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa mata ya juya bango.

'Yarmu tana da shekara biyu. Ranar da aka sallame shi ya miƙa mata hannu, ta tsala ihu ta ɓuya a zanina. Wata huɗu kafin ta yarda ya ɗauke ta.

Jakar ba ta sake dawowa ba. Amma maganarsa ba ta fita sosai, masu saye sukan ce ya maimaita, wasu su juya ga ƙaninsa su yi cinikin da shi. Kafin shekara ta ƙare ya bar wa ƙanin rumfar, ya koma bayan kasuwa wajen injin tsaga katako, inda ƙara ba ta barin kowa ya yi magana. A nan ya yi aiki shekara tara, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi.