Ranar da Na Kai Kaza Gaban Rajistara

Cikin duk shekarun da na yi ina akawun lauya a Kafanchan, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda na shiga kotu rungume da kaza. Ku yaran yanzu masu ƙorafin nauyin fayil, ku buɗe kunne.

A daminar 1977 ne wata mata, Mama Saratu, ta zo ofishinmu daga wani ƙauye bayan Godogodo. Motar wata ma'aikatar gwamnati ta buge mijinta, Baba Bitrus, yana kan keke ya ɗauko citta zuwa kasuwa, ƙafarsa ta dama ta karye. Gona ta tsaya, ga yara a makaranta. Maigidana, Barista, ya tambaye ta yaushe abin ya faru. Ta ce bayan Ista kaɗan. Sai ya cire tabarau ya dafe kai.

Ga wanda bai san aikin ba, kowace ƙara tana da wa'adinta. Idan kuwa ma'aikacin gwamnati ne ya yi maka ɓarna a bakin aikinsa, wata uku kacal doka ta ba ka. In ya wuce, ko ƙashin ka riƙo a hannu alƙali ba zai saurare ka ba. Mu kuma saura mana 'yan kwanaki. Ga shi Barista ba ya shigar da ƙarar wanda bai iya karatu ba, sai an kai shi gaban rajistara an karanta masa ya dangwala yatsa.

"Ishaku," in ji shi, "hau mashin ka je ka zo mini da mutumin nan."

Na tarar da Baba Bitrus a gidan maɗori, kwance a kan tabarma. A gefensa ga wata jar kaza cikin kwando, ita ma da ƙafa a ɗaure da karare. Al'adar tsohon maɗorin nan ke nan: ranar da ya ɗora ka, zai karya ƙafar kaza ya ɗora ta tare da taka. Ranar da kaza ta taka, ran nan za ka taka. Kafin nan ƙafarka ba ta taɓa ƙasa.

Matsalar ita ce, kazar nan ta gano daɗin jinya. Saboda kowa yana so ta warke da wuri, acca ake kai mata har baki, da gara, da ruwa a ƙoƙo. Ta yi ƙiba kamar tulu. Ni dai kallo ɗaya na yi mata na san ta daɗe da warkewa, ta dai ga ba ta da dalilin tashi ne.

"Baba, lokaci zai ƙure mana," na ce. "Dole mu je kotu."

"Ɗana, kaza bai tashi ba. Ni zan riga shi?"

"Baba, kotu ba ta san da kaza ba."

"To a je a gaya mata mana."

Babu abin da ban yi ba. Na watsa masara nesa da kwandon, ta miƙa wuya ta ga ba za ta kai ba, ta mayar da kai. Na tafa hannu. Na yi kukan shaho, ni da taye a wuya, har maɗori ya ɗauko sanda ya ce in na firgita masa majinyaciya sai ya ɗora ni ma. Matan zumunta na coci suka zo suka yi addu'a da waƙa a kanta, ta lumshe ido tana saurare. Wallahi ban taɓa jin haushin wata halitta kamar kazar nan ba.

Washegari Barista ya zo da kansa. Ya durƙusa ya gai da maɗori, sannan ya tambaye shi ƙa'idar dalla-dalla, kamar yana yi wa mai shaida tambayoyi.

"Abu biyu ne," in ji tsoho. "Ƙafa ba zai taɓa ƙasa ba. Kuma ba a raba shi da kaza."

"Dole sai a gidan nan kazar za ta zauna?"

Tsoho ya sosa gemu. "Kakana bai faɗi haka ba."

Shi ke nan. Ranar ƙarshe ta wa'adi muka yi shatar a-kori-kura, aka ɗora Baba Bitrus a kan gadon kara, Mama Saratu ta zauna a gefensa. Kwandon ya ƙi tsayawa saboda gargada, aka ce ni in rungumi kazar. Abin da ta yi wa kwat ɗina a hanya ba zan faɗa ba, akwai mata a nan.

Majiya ƙarfi huɗu suka shigar da gadon ofishin rajistara, ni ina biye da su. Rajistaran mutum ne da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya dubi gado, ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna.

"Barista, wane ne mai ƙara a cikinsu?"

Aka karanta wa Baba bayaninsa, cewa tun ranar hatsarin bai sake takawa ba. Ya ce haka ne, ya dangwala yatsa. Rajistara ya ɗaga hatimi ya doka a tebur, gwam!

Kazar da ta gagari shaho da addu'a, hatimin gwamnati ya tashe ta. Ta fizge daga hannuna, ta dira a kan tebur, ta kifar da tawada, ta zuba a guje ta fita ƙofa da karare a ƙafa.

"Kaza ya tashi!" Baba Bitrus ya kwarma ihu. "Saratu, kaza ya tashi!"

Kafin mu ankara ya sauke ƙafa ƙasa. Ya miƙe yana rawa kamar sabon maraƙi, ya taka, ya sake takawa, har ya kai bakin ƙofa ya rungume ginshiƙi. Barista yana bin sa yana raɗa, "Baba, a hankali! Yanzun nan ka rantse!" Mama Saratu kuwa ta zube a gwiwa tana kuka tana "Na gode Yesu," a tsakiyar ofishin gwamnati.

Rajistara ya goge tawada daga hannun rigarsa ya ce, "Sa'ad da na buga hatimi bai iya tafiya ba. Abin da ya biyo baya ba a teburina yake ba." Ƙara dai ta shiga cikin lokaci.

Abin da na koya shi ne, doka tana da agogonta, mutanenmu suna da nasu, kuma ba wanda zai saurari ɗaya. Aikinmu shi ne mu ɗauko mutum da duk abin da ya gaskata mu iso da shi kafin a rufe ƙofa. Kada kuma mu ɗauka abin da muke nema shi yake nema.

Diyyar ta fito daga baya, amma ba ta kai yadda Barista ya so ba, don rabin gari sun ga Baba yana takawa. Barista ya yi ta mita, wai da ya daure ya zauna a gadon nan har mu fita. Baba Bitrus ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Oga lauya, wanda ya ragu ka bar musu. Ni gobe da safe ina gona."