Bindigar Baba ta Harbin Kurciya

Tun da muka gudo daga ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu muka zauna Diffa, gabana ke faɗuwa saboda bindigar iska ta marigayi Baba da ke ƙarƙashin katifata. Ta harbin kurciya ce kawai, amma wa zai tsaya jin bayani yanzu? Shekaranjiya aka ce soji za su binciki gidajen unguwarmu. Da na ciro ta, warin man keken ɗinki da Baba yake shafa mata ya buge ni, na zauna ina kuka.

A kumatu Baba yake ajiye harsasan dalma, kamar goro. Wata rana a gonar tattasai na nuna masa kurciya a bakin ruwa. Ya sauke bindigar, ya ce da bakinsa cike, "Uwata, ƙyale ta. Ba na harbin mai ƙishirwa." Ranar miyarmu ba nama.

Maigidana ya ce mu karya ta mu jefa ta cikin masai, tunda muna da ƙananan yara. Ya yi gaskiya, amma ita kaɗai ta rage mini daga Baba. Gobe za mu karya ta.

Ko kabarinsa ba mu iya zuwa yanzu. Don Allah, wanda ya karanta wannan ya roƙa masa gafara.