Kalkuletar da Ta Ƙi Magana

Har gobe ban manta da ranar da kalkuleta ta kusa cinye mini aiki ba. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina ƙaramin malami a wata firamare kusa da Kurfi. Wani sufeton makarantu daga Dutsin-Ma ya kawo mana ita guda ɗaya tak. A gindin bishiyar bedi ya danna ta, lambobi suka fito, ya ce a koya wa 'yan aji uku, zai dawo ya gani.

Yana juya baya hedimastanmu, Malam Lawal, ya naɗe ta a tsumma ya kulle a kabad. Wai abu mai ƙwaƙwalwa ba a gajiyar da shi.

Wata biyu ina zana ta a allo da alli. In ce, "Danna biyu!" yara su dangwala yatsa a kan benci, su amsa, "Mun danna!" Ko ni ban taɓa ta ba.

Ranar da sufeto ya dawo hadari ya haɗo, mun rufe tagogi. Malam Lawal ya kwance tsumma kamar mai buɗe lefe, ya miƙo mini. Na danna, shiru. Sufeto ya karɓa ya girgiza ta, ya kara a kunne.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam Lawal, "yaron ga ya kashe ta. Shi ka koyar da ita."

Raina ya ɓaci. Sufeto ya zaro biro zai rubuta mini takardar tuhuma, wadda in ta shiga fayil, ƙarin girma sai dai ka ji a makwabta. Ya ce in ɗauki gawar kalkuletar in kai masa mota.

Ina fita tsakar makaranta rana ta leƙo. Sai ga sifili ya bayyana! Ashe da haske take aiki. Na koma da gudu, yara suka biyo ni waje, ranar suka fara ganin biyu da biyu sun zama huɗu ba da bulala ba.

Sufeto ya mayar da biro aljihu, ya ce dama gwada mu yake. Malam Lawal ya ce shi ma haka. Ba wanda ya ba ni haƙuri. Kafin a tashi, ta koma kabad.

Ku da kuke koya wa yara kwamfuta yanzu, ku riƙe wannan: a aikinmu babba ke riƙe makulli, ƙarami ke riƙe laifi. In an kawo na'ura, ku fara tambayar wa ke da kabad.