Waken Inna Mai Huji

Tun da aure ya kawo ni Ƙanƙara, duk bayan kaka uwar mijina, wadda muke kira Inna, takan aiko mana da wake daga ƙauyensu can wajen Sabuwa. Cakuɗe yake zuwa da toka da busasshen barkono, don da su take adana shi. Sai na sha atishawa wajen sheƙa kafin in ga fuskar wake. Duk da haka ba a rasa masu huji a ciki, da 'yan ƙwari suna yawonsu hankali kwance.

Ni kuwa a ganina 'yar gari ce, ga tsantsani. Na fi son waken da manyan motoci ke saukewa a kasuwa, fari tas, ko huji ɗaya babu. Na Inna sai in riƙa dafa wa awaki, in ta kira waya in ce ya yi daɗi ƙwarai. Shekara uku ina wannan ƙarya, Allah Ya yafe mini.

Wata Asabar na yi alale da sabon waken kasuwa. Na ji ɗan wari kamar na kananzir, sai na ɗora laifin a kan gwangwanayen. Ni ɗanɗanawa kawai na yi, amma 'yata, mai shekara uku, ta cinye biyu. Kafin azahar ta fara amai, yawu na dalala, jikinta ya saki. Da takalmi wari ɗaya na isa asibiti.

Bayan an sa mata ruwa, wata dattijuwar ma'aikaciya ta sa aka kawo sauran ɗanyen waken. Ta shinshina, ta girgiza kai, ta ce maganin ƙwari aka zuba masa a inda aka tara shi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da hannuna na ɓare alalen nan na hura mata.

An sallame mu, amma yarinya ta tsorata da abinci. Da ta ga kwano sai ta kau da kai, ruwa da ɗan kunu kawai take karɓa. Tana ta ramewa a gabana, ni kuma duk abin da na ɗauka a kasuwa sai in mayar da shi.

Ana haka sai ga Inna da ƙullinta a ka. Hanyar da maza ma ke shakkar bi saboda 'yan bindiga, ita ta biyo. Ko zama ba ta yi ba ta ce in nuna mata waken. Ta murza shi a tafin hannu, ta dube ni.

"Ke ɗiyata, wanga wake ko ƙwaro ya ƙi shi. Abin da ƙwaro ya ƙi, shi kika ba jikata?"

Kuka ya ƙwace mini. Na durƙusa na faɗa mata gaskiya, har inda nata waken yake zuwa. Na zaci za ta yi fushi, sai ta kwashe da dariya.

"Ashe shi ya sa awakinki suka hi ki ƙiba! Tashi ki ɗauko mani turmi."

Ta kwance ƙullinta, ta sheƙe toka, ta jiƙa, ta surfa, ƙwarin suka taso saman ruwa ta tsiyaye su. Ta yi alale a ganye. Ba ta lallashi yarinyar ba, ɗora ta kawai ta yi a cinya tana cin nata tana ba ta labarin gona. Can sai na ga ɗan hannu ya miƙa ya gutsura.

Har yau wajen manoman ƙauye nake sayen wake, in na je Faskari ko suka shigo mana kasuwa, kuma har yau ba na gama yi wa Inna addu'a. Amma ranar ko godiya na kasa yi. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon yarinyar, ina jiran amai. Azahar ta wuce. La'asar ta yi, tana ta wasan ƙasa. Sai ta taso ta ja zanen Inna ta ce, "Kaka, saura akwai?"