Allurata ta mutu a cikin firij ban sani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaru ina haɗiye wannan magana. Yau taransifomar unguwarmu ta sake ƙonewa, na kasa zaune na kasa tsaye, na ce bari dai in faɗa.

Ni tela ce a Kazaure, kuma ina da ciwon suga mai allura. Allurar insulin ba ta son zafi. Da ma a firij ɗin Malam Bala mai ƙanƙara nake ajiye tawa, don shi yana da janareta.

Sai aka yi kullen korona. Kasuwa ta mutu, Malam Bala ya kashe janareta ya rufe shago.

Ban damu ba, domin a lokacin wuta ta wadata. Na kwaso allurata na sa a firij ɗin gidanmu. Ana cewa don an rufe masana'antun Kano ne. Wallahi har gori na yi, na ce yau ga ranar firij ɗina da ya zama ma'ajiyar kwanuka.

Ashe kowa yana gida, kowa ya samu wuta kamar ya samu gado. Dutsen guga, risho na lantarki, injin jan ruwa, ga zafin bazara. Ran wata Talata da azahar muka ji dum! Taransifoma ta tafi. Masu gyara suka ce kayan suna Kano, hanya kuma a rufe. Maigidana ma can kullen ya rutsa da shi.

Ga wautar da na yi: na bar allurar a ciki. A tunanina firij dai firij ne. Ashe mataccen firij a ƙarƙashin rufin kwano tanda ne.

Sati biyu ina bisimilla ina tsira wa kaina abin da ya riga ya lalace. Ƙishirwa ta dame ni, na ce zafi ne. Fitsari ba iyaka. Sai amai, sai numfashi sama-sama.

Numfashin nan shi ya tsorata ni. Na ce shi ke nan, korona ce. Na yi gum, don kada a ɗauke ni, kada mata su daina kawo ɗinki. Kwana biyu ina zagaye tsakar gida, in kwanta in tashi, in leƙa ƙwan lantarki ko ya kama.

Yayana Sani ne ya shigo gaisuwa ya same ni a ƙofar ɗaki.

"Ke Hajara, mutuwa za ki yi don kunyar mutane? Tashi!"

Mai adaidaita na farko da ya ji numfashina ya ja abinsa. Na biyu ya ɗauke mu, Allah ya saka masa.

A asibiti kowa baya-baya yake yi. Wata nas ta daure ta soki yatsana, na'urar gwajin suga ta kasa ma nuna lamba don yawansa. Likita ya ce, "Hajiya, a ina kike ajiye allurarki?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai. "Ba korona ke kashe ki ba, suga ne."

Ƙarin ruwa leda bayan leda, sokar yatsa kowace awa. Gwajin jini kuma sai an jira an tayar da janaretan asibiti. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na yi ta tunanin wa zai riƙe min 'ya'yana.

Kwana shida aka sallame ni. Alhamdulillah. Na gode wa Yaya Sani, da nas ɗin da ban ga fuskarta ba saboda takunkumi.

Shawarata: in wuta ta ɗauke, fito da allurarki. Likita ya koya min sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a zuba jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, a ajiye a inuwa. In allura ta sha zafi, kada ki yarda da ita don kin ga kamanninta bai sauya ba. In numfashi ya sauya, tafi asibiti, a ce da ke duk abin da za a ce.

A kwanana na uku a asibitin aka kawo wata baiwar Allah daga Gwiwa gadon kusa da ni. Irin labarina ne sak, sai dai ita ta ƙara kwana biyu tana ɓoyewa. Da hantsi aka naɗe tabarmar mai jinyarta, rai ya yi halinsa.

Ko sunanta ban sani ba. Don Allah ku sa ta a addu'a.