Saudatu Ba Ta Kira Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da sunan Allah nake farawa, Wanda rai da mutuwa suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ina sanar da 'yan'uwa na Kankia da na Sukuntuni cewa Allah Ya karɓi ran Saudatu, matar ƙanena Gidaɗo, mahaifiyar Sada da Ma'u, ranar Talata sha biyu ga watan Ƙaramar Salla, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da sittin da biyu daga Hijira, da azahar, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kusada da Yashe. Ciwon haƙarƙari ne ya kwantar da ita kwana takwas. Ni na yi mata salla, muka kai ta makwancinta kafin rana ta faɗi.

Na zaɓi tawada, na bar baki, domin a ƙasarmu yanzu murya ta daina zama abin amincewa. Takarda kuwa ba ta da muryar da za a sace. Wanda wannan ta isa hannunsa ya karanta da idonsa, kada ya ɗaga sauti, kada kuma ya nuna wa mutumin da bai tabbatar da shi ba.

Ya ke Saudatu, mutane sun shaide ki da alheri, amma rabin alherinki ɓoye yake. Sun san ke ce ba a ɗaura wa gawar mace likkafani a unguwar nan sai kin zo. Sun san shekarar da fari ya ƙone gero kin riƙa miƙa wa tsohuwa Nagoggo ƙwaryar tsaki ta saman danga, kina ce mata wai yawa ya yi muku, alhali ni na san rumbunku har ƙasa. Abin da ba su sani ba shi ne nauyin da kika ɗauka damina uku ke kaɗai, kuma shi ne zan faɗa yau, domin ran yaro yana rataye da shi.

Damina uku ke nan, wata la'asar, wani abu ya sauko daga sama bayan duwatsun gabas da gonakinmu. Kamarsa kamar faifai, farinsa kamar sabuwar tasa, ba ƙara, ba hayaƙi. Mu biyar muka gani. Muka ce ko jirgin Nasara ne, tunda ana yaƙin Jamus, jirage suna yawan ratsawa zuwa Kano. Da gari ya waye muka je, sai muka tarar da ciyawa ta kwanta zagaye, ta bushe ƙamas a tsakiyar damina. Babu tururuwa ko ɗaya a wurin.

Daga nan aka fara kira. Idan dawa ta wuce tsayin mutum, rana tsaka, mai aiki shi kaɗai sai ya ji an ambaci sunansa daga can ciki, da muryar wanda ya fi so. In ya amsa ya shiga, da yamma sai ya komo gida da fuskarsa da tsagensa da tafiyarsa. Amma wanda ya shiga ɗin ba shi ne ya fito ba.

Ƙanena Gidaɗo yana cikin na farko. Ke kika fara ganewa. Kika zo zaurena, kika durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda kika saba, kika ce, "Malam, wanda ke cikin gidan can ba ƙanenka ba ne." Na tsawata miki, Allah Ya yafe mini. Kika ce, "Ya kira yaron nan da sunansa, gaban mutane, har sau uku. Jiya kuma ya wuce gaban innata da takalmi a ƙafarsa, yana kallonta ido cikin ido." Gidaɗo mutum ne mai alkunya. Tun da aka haifi Sada, ɗansu na fari, sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba, kamar yadda bai taɓa fita daga naki ba.

Na zaci shafar aljannu ce. Na zaunar da shi, na karanta masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da farkon Saffati. Ya saurara shiru, idonsa ba ya ƙiftawa. Da na ƙare, sai ya maido mini da karatun duka, da muryata, har da inda numfashina ya yanke. Gidaɗo kuwa bai wuce izu biyu ba. Shekara arba'in ina ruƙiyya, ban taɓa ganin aljanin da ya zauna wa waɗannan ayoyi ba. Wata halitta ce daga cikin abin da Ubangijin talikai Ya halitta, Ya kuma ɓoye mana saninta. Mu dai muna ce musu baƙin sama.

Kwana arba'in kika yi da wannan abu a gida ɗaya. Kina dafa masa, kina kai masa ruwa, kina shimfiɗa tabarmarki a bakin ƙofar yaranki. Da aka zo ɗibar mutane zuwa haƙar kuza a Jos, abin da kowa yake gudu, shi da ƙafarsa ya je ya ba da sunansa. Bai waiwayo ba. Irinsa nawa suka bazu cikin 'yan kuza da masu shiga soja, Allah kaɗai Ya sani. Ba mu kai magana gaban kowa ba, domin ba mu da abin nunawa, kuma ba mu san wanda za mu tarar a zaune yana saurarenmu ba.

A kakar shekarar Sada, yana da shekara sha biyar, ya shigo gida a guje, ba fartanya, ba hula. Ya ce, "Inna, ke kika kira ni?" Kika ce, "Da me aka kira ka?" Ya ce, "Da sunana." Kika juya masa baya kamar yadda uwa take yi wa ɗan fari, kika ce, "Ka taɓa ji?" Ya ce, "Shi ya sa na gudu."

Abin da ya gagari karatuna, ke kika gano shi a bakin turmi. Baƙin nan suna kwaikwayon murya, suna tattara sunaye, amma ba su san wanda bai halatta ya ambaci wani ba. Alkunya ba ta da sauti, don haka ba su iya satar ta. Sada ya tsira da ita. Sai kika dubi Ma'u, autanki, wanda kike kiran sunansa sau ɗari a wuni, kina yi masa kirari kina daka, har maƙwabta suka haddace. Kika gane cewa ƙaunarki ce za ta miƙa shi.

Ranar kika zaunar da su a gabana, kika ce, "Daga yau ba na kiran kowa. In ina son mutum, zan taka in je in dafa kafaɗarsa. Duk kiran da kuka ji da muryata, ba ni ba ce, ko da kun ji ina kuka." Kika hana su ma su kira juna a gona.

Kika cika alkawari. Na sha ganinki rana tsaka kina ratsa gonaki da ƙwaryar fura a ka, don ki faɗa wa yaro maganar da kira ɗaya zai isar. Wata rana kika hango Ma'u yana ja da baya da dami, kububuwa tana naɗe taku uku a bayansa. Maƙwabciyarki Lami tana tare da ke. Ta ce ta ga bakinki ya buɗe, ta ga kin rufe shi da ƙarfi har leɓe ya yi jini, kika wurga ƙwaryar da duk ƙarfinki ta fashe a gabansa. Ya tsaya cak yana kallon fura a ƙasa, macijiya ta sulale.

Yaron bai ji daɗin wannan hali ba, ko da yake ya san dalili. Ya taɓa zama a zaurena ya ture allonsa, ya ce, "Baba Malam, ko sau ɗaya, ko a hankali cikin ɗaki, me zai rage?" Sada ya yi dariya, ya ce, "Kai, ɗan lelen Inna! Wata shida ka yi kana kumbura kamar kwaɗo. Ni tun ranar suna ake ce mini 'wancan', ban mutu ba." Ma'u ya ce, "Kai ai ba ka san daɗinsa ba, shi ya sa." Da na ba ki labari, kika ce, "Malam, danga tana da kunne. In na faɗa a ɗaki, gobe zai ji a gona, ya ce ai jiya ma Inna ta faɗa."

Ba 'ya'yanki kaɗai kika tsare ba. A bakin rijiya kika riƙa ce wa mata, "Ki ɗauki kowane ɗa kamar na fari." Wasu suka bi, wasu suka ce zuciyarki ta bushe tun tafiyar mijinki. Kika bar su da zatonsu. Ban ji an rasa yaro ko ɗaya ba a gidajen da suka bi maganarki.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar Talatar nan da hantsi jikin ya yi kamar da sauƙi, tsuntsaye kuma sun sauka wa dawa, sai Ma'u ya tafi tsaro. Wajen azahar ya ji murya daga cikin dawa, raunanna, tana tari, tana cewa, "Ma'u, Ma'una, zo in gan ka." Ya toshe kunnuwansa, ya kwanta rub da ciki tsakanin karare, bai motsa ba sai la'asar. Da ya iso gida, ya tarar ana yi wa mahaifiyarsa wanka. Tun daga ranar bai sa abinci a bakinsa ba sai ruwa. Cewa yake, "Damina uku Inna ba ta kira ni ba, ta kira ni sau ɗaya tana mutuwa, na ƙi." Shekaranjiya ya ce wa Sada in ya sake ji, zai amsa. Dawa kuwa ba a yanke ta ba tukuna.

Ma'u, ɗana, na faɗa maka da baki, ka ɗauka lallashi ne. To ga shi a rubuce, da hannun da ya koya maka baƙi da wasali, kuma ka san ban taɓa rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Wallahi, tallahi, tun hantsi ina zaune a ƙofar ɗakinta ina karanta Yasin, Lami tana ciki riƙe da kanta, ban tashi ba har rai ya fita. Da mahaifiyarka ta ji abin ya matso, ta ce, "Ina yaron?" Lami ta ce, "Bari in hau turmi in ƙwala masa kira." Mahaifiyarka ta riƙe mata zane, ta ce, "A'a. Wancan ya je ya dafa shi." Sada ya ruga. Ya zagaya gonar nan sau biyu yana ture karare, bakinsa a rufe, domin shi ma an hana shi kira. Kai kana kwance, shi yana wucewa, wataƙila ba ku fi taku biyar tsakani ba. Kowannenku maganarta yake bi.

Da ta ga ya daɗe, ta gane. Ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce, "Malam, za su yi masa da muryata. Ka faɗa masa ban kira ba." Lami ta ce ta ga leɓɓanta suna haɗuwa kamar mai shirin furta wani suna, sai ta sa gefen mayafinta ta ciza. Da ta saki, kalmar shahada ce ta fito, ba ta ƙara wata ba.

Ka ce har da tarin ka ji. Wannan shi ya fi tsorata ni. Tarin nan kwana takwas kawai ya yi a duniya, kuma bai fita daga ɗakin nan ba. Ko dai suna bayan danga, ko suna cikin waɗanda suka zo dubiya muka yi musu sannu da zuwa. Na tuna fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ban iya ware kowa ba. Na tsufa, ban taɓa jin tsoron rana tsaka ba sai yanzu. Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Saudatu, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshenta wajen amsa tambaya kamar yadda ta tsare shi a duniya. Ka sanya kowane taku da ta yi cikin rana ya zama nauyi a mizaninta. Ka jiƙan ƙanena Gidaɗo, wanda ba mu sami gawarsa mun yi wa salla ba. Ka tsare mu daga sharrin abin da yake sauka daga sama da abin da yake hawa cikinta, Ka mayar da makircinsu kansu.

Ina yi wa mahaifiyarta ta'aziyya, da 'yan'uwanta na Sukuntuni, da danginmu na Kankia, da Lami wadda ta zame mata 'yar'uwa. Sada, Allah Ya ba ka haƙuri. Ka sani sunanka da ba ta taɓa furtawa ba shi ne ya buɗe mata hanyar tsare ku duka. Ka riƙe ƙanenka, kada ka bar shi ya shiga dawa shi kaɗai har a yi girbi.

Kai kuma Ma'u, za ka sake ji, ba na ɓoye maka. Sun riƙe muryar, mai ita kuwa tana ƙarƙashin ƙasa, ni na jera itacen kabarinta da hannuna. Ina roƙon Allah Ya haɗa ku a ƙofar Aljanna, inda babu mai saurare a bayan danga, ta kira ka da sunanka har ta gaji. Ka ajiye amsarka sai ranar. Yau dai ka tashi ka ci abinci.

Wassalamu.