Abin da Ya Kai Kaka Soja

Tafiyar da na yi Tajaye neman labarin kakana na wajen uba, ko na tsufa ba za ta fita raina ba. A gidanmu na Konni mun tashi muna taƙama da shi, wai da kansa ya shiga sojan Faransa. Taubashina kuwa, ɗan kawuna, ko a gidan suna muka haɗu sai ya ce, "Ina jikan wanda anka ja da igiya yana kuka?" A yi ta dariya, ni kuwa abin yana cina a rai.

Na rantse sai na rufe masa baki. Na yi ta jele a buro, wato ofishin tsoffin sojoji, har aka zaƙulo mini wata takarda da gara ta ci gefenta. Ta nuna shi ya kai kansa. Da ina da wayo da nan na tsaya, amma sai na ɗauki taubashin a bayan babur, muka nufi Tajaye wurin ƙanwar kakan da ta rage, don ya ji da kunnensa.

Muka tarar da ita tana ɓarar wake. Na ce, "Kaka, wai ɗaure shi anka yi?"

"Wa ka ɗaure shi? Da ƙahwatai ya tai Konni."

Na juya na harari mutumina, har da gyaran hula.

Ta ci gaba, "Kokawar kaka anka yi bayan girbi, anka maka shi da ƙasa gaban yarinyar da yake nema. Kunya ta hana shi kwana garin."

Taubashina ya matso. "Wa ya kada shi, Kaka?"

"Kakanka mana. Ɗagawa guda."

Wato mahaifin innata ke nan. Har wani jin daɗi take yi tana faɗa. Ta ce da ya dawo daga yaƙi shi da mai kayen suka zama aminai, har suka haɗa ɗiyansu aure, aka haife ni.

Na ji kunya, amma ranar na fara son tsohon sojan da gaske. Yanzu taubashina ya bar zancen igiya. Da ya hango ni sai ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu, ya ce in zo mu kama. Tun daga nan na gane, in za ka tono labarin kakanni, kada ka tafi da ɗan kallo.